Cinyar da Na'Allah Ya Kai wa Surukinsa

Na'Allah mai haƙar rijiya mijin yayata Asibi ne. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa na samu izinin tsokanarsa, kamar yadda kowace ƙanwar mata take samu, kuma ban taɓa wasa da wannan izini ba. Ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, in na tashi ba da labarinsa sai in ji bakina yana ƙaiƙayi. Wanda ya ga kamar na yi masa rashin kunya ya yi haƙuri, haka muka saba, shi ma bai taɓa raga mini ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da jar ƙasa a gashinsa da cikin kunnensa, ko ya fito daga wanka. A Kontagora ya zauna tun kafin a samu 'yancin kai, a wata unguwa ta bakin gari inda yawancinmu 'yan ƙauye muka tare. Gidaje da dama a garin nan har yau ruwan rijiyarsa suke sha. Akwai kuma wadda ya haƙa wa wani mahauci, ya rantse ruwa na nan kusa, aka yi ta zurfi har igiya ta ƙare ba a ga ko laima ba. Ramin nan daga baya shara aka riƙa zubawa a ciki, kuma duk sanda muka bi ta wurin sai na tsaya na tambaye shi ko zai ɗebo mini in sha.

Mu Kambari ne, daga wani ƙauye gaba da Salka, kuma gidanmu gidan maharba ne. Babanmu sunansa Maikuɗi, amma sunan ne kawai, abin da ya tara a duniya fatu ne da ƙahoni. Ya kashe ɓauna tun yana saurayi, kuma bai bar kowa ya manta ba.

A ƙauyenmu akwai wata doka ta maharba da ban ga irinta a wani wuri ba. In mutum ya auri 'yarka, ba za ka kira shi da sunansa ba sai ranar da ya kashe babban naman daji ya kawo maka cinyar dama. Gada da zomo ba sa cikin lissafi, sai irin su gwanki ko kanki ko ɓauna. Ranar da ya kawo, sai ka kira shi da suna a gaban mutane, ka matsa masa ya zauna a kan fatarka. Kafin wannan rana kuwa, ko 'ya'ya nawa ya haifa da 'yarka, a ƙasa zai zauna bakin ƙofa, in za a yi magana da shi a ce "kai", in za a yi maganarsa a ce "na wance".

Na'Allah ɗan maharbi ne, amma Allah bai ba shi ba. Noma kam ba a magana, lokacin da yake noman neman auren Asibi shi kaɗai yake yin aikin mutum uku, shi ya sa Baba ya ba shi ita ba tare da gardama ba. Matsalar tana wajen bindiga. Da zarar ya ɗora adaka a kafaɗa ya kai yatsa ga kunama, sai idanunsa biyu su rufe da kansu. Ya taɓa harbin suri ya dawo yana cewa gwanki ne ya tsaya a bayansa. Babban abin da na san ya taɓa kawowa gida gafiya ce, ita ma hayaƙi ne ya fito da ita. Tun daga nan nake kiransa Sarkin Baka, shi kuma ya ce da ni Fure mai bakin reza.

Mijina Bitrus ya kai tasa cinyar a shekarar farko ta aurenmu. Gwankin gurgu ne, duk ƙauyen an sani, amma doka ba ta ce a duba ƙafa ba. Sai ya zama in mun je gaisuwa, Bitrus da bai kai Na'Allah shekaru ba yana kan fata kusa da Baba ana ba shi labari, Na'Allah da furfura ta fara fito masa yana tsugune bakin ƙofa. In Baba zai tambayi lafiyarsa sai ya dubi Asibi ya ce yaya mai ramin nan naki. Na'Allah ya amsa da ladabi, ya yi murmushi. Asibi ta ce duk sanda suka dawo daga ƙauye sai ya ture tuwo ya ce ba ya jin yunwa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma ni ma yana ci mini, ko da yake na fi kowa dariya.

Ga shi kuma lokaci yana ƙurewa. Daji ya fara ƙarewa, manyan namun sun yi nisa, hukuma ta kewaye inda suka rage ta ce ba a harbi. Baba ya tsufa, idonsa ya soma yin hazo. Kowa ya san in dai bindiga ake jira, tsohon nan zai tafi bai taɓa faɗin sunan mijin babbar 'yarsa ba.

A ranin shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wani dillalin shanu mai suna Jumare ya kira Na'Allah ya haƙa masa rijiya a wani fili can bayan gari inda yake tsare dabbobi. Na'Allah yana ciki da dagi, abokin aikinsa Luka yana sama yana jan kwandon ƙasa. Sun wuce marmara, sun shiga wani jan yashi mai tauri, sai dagin ya bugi wani abu ya yi ƙara. Na'Allah ya ɗauka dutse ne, ya fara kewaye shi don ya cire. Yana share ƙasa abin yana ƙara tsawo, har ya iske ƙarshensa da dunƙulallen kai irin wanda yake shiga cikin ƙugu. Harbi ne bai iya ba, amma ya tashi a gidan da ake feɗe nama, ya san ƙashin cinya in ya gan shi.

Luka ya ce shiru ya ji ya yi yawa, ya leƙa, ya hango Na'Allah zaune a gindin rami ya rungume abin kamar wanda ya tsinci ɗansa da ya ɓace.

Daga ranar aka daina haƙa ƙasa aka koma haƙa gefe. Jumare ya zo ya tarar rijiyarsa ta yi baki kamar kududdufi, ya yi faɗa ya ce shi ruwa ya ce a nemo masa, ƙashi kuwa yana da shi a jikin shanunsa. Na'Allah ya ba shi haƙuri ya ci gaba da abin da yake yi. Suka fito da haƙarƙari, kowane ya fi hannun mutum tsawo, da guntun ƙafar gaba, da ƙasusuwan gadon baya masu kama da ƙananan turame. Kan dabbar ne ba a samu ba. Cinyar kuwa sai da aka nemo ƙarti da igiyoyi. Da aka tsayar da ita ta kai masa ƙirji, amma na riga na faɗa muku gajere ne.

Aka shimfiɗa su ƙarƙashin wata ɗorawa, gari ya yi ta zuwa kallo. Wasu suka ce giwa ce, waɗanda suka taɓa ganin giwa suka ce ba haka take ba. Wani malami ya ce raƙumin mutanen farko ne. Wata tsohuwa ta ce a mayar da abin mutane inda aka same shi tun masu shi ba su zo nema ba. Ni na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa, na ce wannan ai dutse ne. Na'Allah bai ji ko ɗaya ba. Yana tsaye kan cinyar yana juya ta, yana gwada ta da tasa ƙafar, can ya ɗago ya sanar da jama'a cewa ta dama ce.

A nan na gane inda ya nufa, na kama baki.

Washegari ya raba naman. Haka ya kira shi, nama, kuma ya bi ka'idar maharba bai tsallake kowa ba. Ƙafar gaba ta mai unguwa ce, ya kai masa har zaure. Haƙarƙari na mai fili ne, Jumare ya ce ba ya so, da ya ga mutane suna rububi sai ya aiko a kawo masa nasa. Luka da ya taya aiki ya samu rabonsa. Maƙwabta kowa ya samu ƙashin baya ɗaya. Ni ƙanwar mata wajen wutsiya ne nawa, ya kawo mini da kansa ya ce in yi miya in rage surutu. Dama dutsen murhuna ɗaya ya fashe, sai na sa shi a gurbin, ya zauna daram.

Ranar kasuwar Salka aka ɗora cinyar a bayan babbar mota tare da buhunan gishiri. Daga Salka ƙarti suka ɗauke ta a kan itatuwa zuwa ƙauye. Na'Allah ya zaro rigar farauta ta mahaifinsa mai layu, wadda ta sauko masa har gwiwa, ya sa, yana tafe a gaba. Ni da Asibi muna baya. Ita kunya ta ishe ta, ni kuwa ko da rarrafe ne sai na je na ga yadda za a ƙare.

Baba yana zaune ƙarƙashin rumfarsa, maharban ƙauye suka taru. Aka sauke kaya a gabansa, ƙasa ta amsa. Na'Allah ya durƙusa ya faɗi kalmomin da ake faɗa, cewa ya shiga daji ya dawo, ga rabon uba.

Nan take gardama ta tashi. Wani ya ce ina jini, ina fata. Wani ya ce abin da aka tsinta a mace mushe ne, ba a kai wa suruki mushe. Bitrus mijina, mai gurgun gwanki, har da shi a masu cewa ba a taɓa yi ba, na ajiye masa wannan a raina har muka koma gida. Baba kuwa ya matso kusa da cinyar. Ya miƙa hannu ya shafa ƙashin tun daga sama har ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi da ƙumba. Sannan ya tambaya ƙarfen wa ya fara taɓa dabbar. Aka ce na mai ramin ne. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga kibiyar wani ko harsashin wani a jikinta. Aka ce babu. Ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa kawo cinyar da ta kai rabin wannan. Kowa ya dubi ƙasa.

Sai Baba ya gyara zama, ya matsa gefe guda a kan fatar ɓaunarsa.

"Na'Allah," in ji shi. "Taso ka zauna nan."

Na'Allah ya waiwaya baya ya ga ko da wani mai irin sunan. Sai da Asibi ta zungure shi. Ya tashi, ya taka layar rigar ubansa ya kusa faɗuwa, ya je ya ɗosana a can bakin fatar kamar mai tsoron ta ƙone shi. Na shirya maganganun tsokana tun daga Salka, amma ko ɗaya ban iya faɗa ba, hawaye ne suka zubo mini.

Saura aikin mata. Doka ta ce uwar matar ita za ta dafa romon cinya a sha. Innarmu ta zagaya ƙashin ta rasa tukunyar da zai shiga. Daga ƙarshe ta wanke shi, ta kwarara masa ruwan zafi ta tare a ƙwarya, ta zuba a miyar akuyar da aka yanka. Maharban da suka gama gardama su suka fi kowa ƙari, har wani yana cewa ya ji ƙarfi ya shige shi.

Na'Allah ya dawo Kontagora wani mutum daban. Tafiyarsa ta canja, hularsa ta karkace. Ya koma ya ƙarasa wa Jumare rijiya a wani gefen, aka samu ruwa mai daɗi. Mutumin da a da sai Asibi ta ja shi zuwa ƙauye, yanzu ba ya rasa dalili. Yau ya kai wa Baba taba, gobe ya ji an ce rumbu ya tsage. Duk don ya yi sallama a ƙofa ya ji tsohon ya ce Na'Allah ne, shigo.

Bayan damina sai ga wata Landuroba a unguwarmu. Ma'aikatan binciken ƙasa ne daga Kaduna, suna yawon duba inda za a samu ruwa. Shugabansu wani siririn mutum mai tabarau, sunansa Shadrach, ɗan wajen Jos, Hausarsa irin tamu ce ta koyo. Ya shiga gaida mai unguwa, ya ga abin da aka tokare ƙofar zaure da shi, sai ya manta da gaisuwar. Mai unguwa ya ce mutumin ya durƙusa gaban ƙofa ya daɗe, har ya ɗauka wani sabon ladabi ne na 'yan boko.

Aka kai shi wurin Na'Allah, muka taru a tsakar gida. Shadrach ya yi mana bayani a hankali. Ya ce ƙashi ne na gaske, amma ya daɗe a ƙasa har ya rikiɗe ya zama dutse. Ya ce dabbar ta rayu tun babu ɗan Adam ko ɗaya a duniya, shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma yana kyautata zaton tana cikin waɗanda masana ke kira dinoso, wasu manya-manyan halittu masu dogon wuya da doguwar wutsiya. Ya ce a hamadar Nijar an tono irinsu, ta wajen Sakkwato kuma an samu na ruwa, amma shi bai taɓa jin an samu a wannan yanki ba. Na'Allah ya saurara da kyau, sannan ya tambaya ko tana cin mutane. Shadrach ya tuna masa babu mutane a lokacin, kuma ga alama ganye take ci. Wannan bai yi wa Na'Allah daɗi ba, kuma in yana ba da labari a kasuwa bai taɓa sa wannan ɓangaren ba.

Da Shadrach ya tambayi inda sauran suke aka gaya masa an raba, sai ya cire tabarau ya goge. Ya bi gida gida yana roƙo. Mutanen gari ba su da dokar cinya, suka yi ta fito masa da su. Wani yana zama a kan nasa in zai yi alwala. Wata tana fasa ƙwarar ɗorawa a kan nata. Wani wanzami ya riga ya daka rabin nasa yana sayarwa a matsayin maganin ciwon baya. Da ya zo gidana ya ga nawa a ƙarƙashin tukunya, baƙi ƙirin, na ɗauka zai yi kuka. Na ce ya jira tuwo ya nuna, ya kuwa jira, har ya ci.

Ya jera abin da ya samu a kan tabarma, ya ce saura cinya. Ya ce tun da babu kai, cinyar ce za ta fi taimaka wa masana su gwada da na sauran ƙasashe su gane ko wannan sabuwar iri ce da ba a taɓa gani ba. In kuwa sabuwa ce, za a raɗa mata suna, kuma sau da yawa akan sa sunan wanda ya gano ta a ciki. Ya ce ba alkawari yake yi ba, amma in ta tabbata, sunan Na'Allah zai shiga littattafai, a riƙa karanta shi a ƙasashen da bai taɓa jin labarinsu ba, bayan duk mun mutu.

Na ce to Sarkin Baka, ka ga har dabba za a yi maka takwara, Allah ya sa ta fi ka tsawo. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Shadrach bai san abin da yake roƙo ba, mu mun sani. A dokar ƙauyenmu, wanda ya kai cinya ya dawo ya ce a ba shi abinsa, ya ce ke nan ya fasa zama ɗa a gidan. Ko wani ya aika, ko baƙo ya kawo ya roƙa a madadinsa, duk ɗaya ne. Zai koma bakin ƙofa, kuma wannan karon har abada. Na'Allah ya so littafin nan, kada wani ya ce bai so ba. 'Ya'yansa suna makaranta, ya riƙa tunanin ranar da malami zai buɗe shafi ya karanta sunan ubansu. Ya sake ture tuwo. Asibi ta ce ita ta gaji da zancen duwatsu, ya yi abin da zai yi ya bar ta ta huta. Daga ƙarshe ya ce wa Shadrach su je.

Aka tafi da ni, don ni ce auta, ni kaɗai nake iya faɗa wa Baba magana ba a kore ni ba, kuma Baba ba ya jin Hausa sosai, sai da tafinta. A mota Na'Allah yana ta maimaita abin da zai faɗa. Zai ce aro ne. Zai ce hukuma ce ta matsa. Zai ce za a kawo wata. Na tambaye shi a wace rijiyar zai samo watan, ya ce in yi masa shiru.

Muka iske Baba a rumfa da hantsi. Ƙashin yana kwance gefen fatarsa, ya jingina da shi, inda yake ɗora hannu har ya yi sheƙi. A lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Tun kafin mu yi sallama ya ɗago kai.

"Na'Allah ne? Na ji takunka. Zo nan, rana ta yi zafi."

Na'Allah ya je ya zauna. Aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Shadrach yana tsugune, idonsa a kan ƙashin kamar mai azumi ya ga ruwa. Can Baba ya tambaya me ke tafe da baƙon. Na dubi Na'Allah. Ya dubi hannun tsohon da ke kan gwiwarsa.

"Baba, baƙo ne daga Kaduna," in ji shi. "Ya ji labarin naman da na kawo maka, ya zo gani. Shi ke nan."

Na fassara wa Shadrach da Hausa ba ƙari ba ragi. Ya dubi Na'Allah, Na'Allah bai dube shi ba. Mutumin kirki ne, ya gane. Ya zaro tef daga aljihu ya ce ko zai iya aunawa kawai. Baba ya ce auna kyautar suruki zagi ne, amma baƙo ya duba ya taɓa iya son ransa. Shadrach ya mayar da tef, ya durƙusa ya bi ƙashin da hannu biyu, ya daɗe. Ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa wannan fa ta hagu ce. Na ce masa in yana son ya koma Kaduna lafiya ya haɗiye wannan maganar.

A bakin mota Shadrach ya sake gwadawa. Ya ce Malam Na'Allah, ka tabbata, irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Na'Allah ya sosa kai, jar ƙasa ta zubo.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, na wahalar da kai. Mutanen littafin nan ban san su ba. In ma sun kira ni ba zan ji ba. Wannan kuwa ina ji."

Shadrach ya miƙa masa hannu suka yi musabaha. Ya tafi da sauran ƙasusuwan Kaduna, har da na murhuna, kuma ban ƙara jin labarinsu ba. In an raɗa wa dabbar suna, ba a aiko mana ba.

Ni ban bi motar ba, na ce zan kwana biyu wurin Inna. Da ƙarar injin ta ɓace Baba ya kira ni. Ya ce mutum ba ya tasowa daga Kaduna don kallo, in gaya masa gaskiya. Na gaya masa duka, da littafin, da sunan, da maganar da aka yi a bakin mota. Ya shafa ƙashin.

"Dutse ne, Fure," in ji shi. "Tun da na ƙwanƙwasa shi na sani. Ni da na tsufa ina fasa ƙashi."

Na ce to me ya sa ya karɓa.

"Yaron nan ya nome mini gona, ya riƙe mini 'ya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shekara da shekaru sunansa yana bakina, doka ta hana ni fitarwa. Na yi ta roƙon ko makahon kanki ya faɗa masa a rami. Da turmi ya mirgino ya ce cinya ce, da na karɓa."

Raina ya ɓaci, na ce ai sai ya aika a tsayar da motar, ya ba da ƙashin da kansa, tun da kyautarsa ce, Na'Allah ya samu duka biyu. Ya girgiza kai.

"Maharbi ba ya kyautar da cinyar ɗansa. In na bayar, zai gane ban ɗauke ta nama ba, tausayinsa na ji. Gara ya rasa littafin. Kada ki gaya mishi."

Na ce ba zan faɗa ba, kuma duk surutuna ban faɗa ba har Na'Allah ya bar duniya. Na tashi zan shiga wurin Inna, sai na ji Baba yana magana a bayana, na tsaya. Ba da ni yake ba. Ya juya fuska wajen hanyar da motar ta bi, yana faɗin sunan a hankali, yana sake faɗa, ba kowa a wurin da zai amsa.